Golmon Mai Keke

Ƙarar keke napep ta taso daga wajen titi. Yasira ta tsaya da yankan ganyen albasar da take yi, ta ɗaga kai.

Ba shi ba ne. Ta sani tun kafin ƙarar ta matso, domin keken Ɗanladi yana da wani tari da yake yi idan ya biyo gangare, kamar tsoho mai mura. Duk da haka sai da ta raka ƙarar da kunne har ta ɓace.

"Sai kin yanke yatsa tukuna," in ji mahaifiyarta, Inna Tabawa, ba tare da ta dube ta ba.

Yasira ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aiki. Gonarsu tana bakin tafkin Kainji, a wurin da ruwa ke janyewa da rani ya bar ƙasa mai laushi. An gama cire albasar bana, ga ta nan jibge a ƙarƙashin rumfar kara, jajir, zafin bazara yana dukanta. Jibi kasuwa. Babbar motar da ke kai albasa kudu za ta tsaya a bakin titi ta yi lodi, kuma tsakanin rumfar nan da titi akwai yashi, akwai hawa mai tsawo.

Shekara da shekaru, mutum ɗaya ne ke haurar da albasar gidansu.

Bari in ɗan koma da mai karatu baya.

Baban Yasira, Malam Ɗangana, ɗan kan tudu ne. Shi da Inna sun sauko bakin ruwa tun kafin a haifi Yasira. Sun bar abubuwa da yawa a can sama, amma akwai guda da ya sauko da shi a zuciya, shi ne golmo. Wato saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa uban yarinya aikin gona na shekarun da aka yanka masa. Haka shi ma ya yi kafin a ba shi Inna, har yau kuwa yana buɗe tafin hannu ya nuna wa mutane kantar da ya samo a gonar surukinsa.

Shi kuwa Ɗanladi ɗan cikin garin Yelwa ne, bai taɓa riƙe fartanya ba. Lokacin da Yasira ke makaranta a gari suka haɗu. Kullum ta shiga kekensa sai ta buɗe littafi, ba ta ce wa kowa komai. Da ya lura, sai ya fara kauce wa ramuka, yana tafiya a hankali, har sauran fasinja su ƙosa.

"Mai keke, gawa muka ɗauko ne?"

"A yi haƙuri, Hajiya. Akwai ɗaliba a baya, ilimi ba ya son girgiza."

Yasira takan rufe fuska da littafin, kunnenta yana zafi.

Ranar da ya zo neman aurenta, Baba ya miƙa masa fartanya ya tura shi cire ciyawa a wurin rainon iri. Bawan Allah ya duƙa ya yi aiki bil haƙƙi. Da Baba ya zo dubawa, sai ya tarar ya share 'ya'yan albasar tas, ya bar ciyawa tana tsaye cikin layi.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

"Yaro, wa ya aiko ka ka kashe ni?"

"Baba, a gafarce ni. Ni keke kawai na iya."

"To keken nan shi na fartanyarka."

A nan aka ƙulla. Duk lokacin cire albasa, Ɗanladi ne zai kwashe ta daga rumfa zuwa titi. Da kekensa na kansa, ba na aro ba, ba na haya ba. Ba wani ɗan gida da zai sa masa hannu. In shekarun sun cika, ya kawo sadaki yadda addini ya ce, a ɗaura aure.

Wayyo, waɗancan shekarun. Keken nan ruwan ɗorawa yakan sauko gangare yana tari, labulensa yana kaɗawa. Ɗanladi ya cika shi da buhuna har saman rufi, ya haura yana waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi. In ya dawo, ba ya rasa abin da zai ajiye mata a kan tabarma: soyayyen kifi a takarda, ko wani tsohon littafi mai yagaggen bango da ya tsinto wurin masu shimfiɗa a tasha. In an gama kwasa, yakan ɗauki Inna da Yasira ya zaga da su bakin ruwa, Inna tana riƙe da ƙarfe tana salati, tana cewa ya sauke ta, amma ba ta taɓa sauka ba.

Sai korona ta zo.

Aka ce kada keke ya ɗauki mutane cike. Daga baya ma mutanen suka daina fita. Manyan motoci suka daina zuwa daga kudu, albasa ta fara ruɓa a rumfa. Ɗanladi ya ɗaura takunkumin da Yasira ta ɗinka masa da tsohuwar atamfarta, ya dinga bi gida gida a Yelwa yana sallama yana tallan albasar Baba. Abin da ya tara na aure, a shekarar ya ƙare. Amma bai tsallake aikinsa ba.

Ana murna an fita daga wannan, sai fetur ya tashi. Mutanen da suka saba tsayar da keke suka koma takawa da ƙafa, waɗanda suka hau kuma sai an yi ciniki kamar za a sayi akuya. Ɗanladi ya dinga jinkirta juyen baƙin mai, yana cewa sai wani satin. Rannan a tsakiyar gari injin ya buga. Makaniki ya faɗi kuɗin kayan gyara, Ɗanladi ya yi masa godiya ya turo kekensa gida.

Wannan rani kuwa shi ne na ƙarshe a golmonsa.

Mu dawo bakin rumfa. Da la'asar Baba ya dawo daga ban ruwa, ya tsuguna yana matsa albasa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun fara laushi.

Yasira ta durƙusa a gefensa. "Baba, a ƙara mishi lokaci. Ko zuwa wata kasuwar."

"Ɗiyata, lokaci ba hannuna shike ba. Taɓa ki ji." Ya miƙa mata albasa guda. "In ta kwana wani mako ƙarƙashin rumfar ga, mi za mu ci da damina?"

"To in wani ya kwashe, ai sai ya rama baɗi."

"Ba a rama golmo. In wani namiji ya ɗauki kayan shekarar ƙarshe, aikin ya mutu. Ni ba zan miki dole ki auri kowa ba, Allah ya sani. Amma wanda bai cika ba, ba ni ba shi ɗiyata. In na yi haka, da wane ido zan kalli ƙannena da sunka yi nasu har ƙarshe?"

"Baba, shi ya kawo korona? Shi ya ƙara kuɗin mai?"

"Yasira!" Inna ta daka mata tsawa.

Baba ya ɗaga hannu. "Bar ta. Gaskiya ta hwaɗi. Ni ma shekarar da nike nawa golmo, fari anka yi. Ba ni na hana ruwa ba, amma ban aje fartanya ba."

Suna cikin haka wata farar a-kori-kura ta gangaro ta tsaya. Bashiru ne, ɗan wani dillalin albasa daga Shanga. Ya daɗe yana aiko manya a kan Yasira, ana ce musu akwai magana a ƙasa. Ya fito da shaddarsa mai sheƙi, ƙamshin turarensa ya danne warin albasa. Ya durƙusa ya gai da Baba da Inna da ladabi, don ba a raina tarbiyyarsa.

"Baba, na ji har yanzu kaya na ƙasa. Motar ga sawu biyu za ta yi ta kwashe duka. Ko sisi ba na so."

Sannan ya juya. "Malama Yasira, ya karatu? Ina direbanmu? An ce kaji sun samu gidan haya a kujerar bayan kekensa."

Yasira ta ji kamar ta jefe shi da albasar da ke hannunta.

Baba ya ce, "Ka zo jibi da sahe. In rana ta ɗaga ban ga mai aikin ba, ka ɗauka."

Washegari Yasira ta ce za ta shiga gari sayen buhuna da zaren ɗinki. Inna ta kalle ta, ta kalli tarin buhunan da ke bayan ƙofa, ta ce, "Ki dawo da wuri."

A kwatar Yelwa ta same shi. Jiragen ruwa sun iso daga tsibirai, shi kuma yana cikin masu dako, da kwandon busasshen kifi a ka. Ya rame. Wuyansa ya yi tsawo, rigar da ta sani cike da shi yanzu tana lilo. Da ya hango ta sai da kwandon ya kusa zamewa.

Ya sauke kaya, suka koma inuwar wata bishiya.

"Me ya kawo ki nan, cikin wannan ƙarni?"

"Gobe kasuwa, Ɗanladi."

"Na sani."

"Ka sani, shi ke nan?"

Ya goge fuska da gefen riga. "Yasira, ba inda ban je ba. Makaniki ya ce ko ya yafe kuɗin hannunsa, kayan ba nashi ba ne. Abokaina da munka fara keke tare, wani ya sayar ya tahi haƙar zinari, wani ya tahi Legas, wani yana nan yana tura ruwa. Waɗanda sunka rage, keken ba nasu ba ne, da yamma mai shi yake jira. Ko da sun ba ni, kin san Baba ba ya karɓar aro."

"Bashiru ya zo jiya."

Ya tsinki ganye ya dinga yayyaga shi.

"Ki bari ya kwashe," ya faɗa a hankali. "Gumin Baba ne na shekara. Ba zan so a ce saboda ni gidanku ya kwana da yunwa ba."

"Ni fa?" Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka zubo. "Ni ma buhu ce, in wannan ya kasa wancan ya ɗauka?"

"Kada ki ce haka, don Allah."

"Zan ce! Ƙawayena duk sun yi aure, wasu da goyo. Ana nuna ni a biki ana cewa ga mai jiran keke. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi ban taɓa ba. In sun faɗa sai in tuna yadda kake kauce wa rami don kada layin karatu ya ɓace mini. Yanzu saura kwana ɗaya ka ce in bari?"

"To me zan ba ki, Yasira? Dubi hannuna. Dubi abin da na koma. Ko an ɗaura, a kan me zan ɗauko ki? Da, in na shigo unguwarku yara ke bin keke suna ihu. Yanzu in na hango wanda na sani, kwando nake ja in rufe fuska."

Muryarsa ta karye. Bai taɓa kuka a gabanta ba, ko a shekarar korona. Ya juya mata baya yana kallon ruwa.

"Ka tuna ranar da ka kai mu bakin ruwa da Inna, taya ta nutse a laka?" ta ce. "Ka cire takalmi ka shiga, kana turawa kana ce wa Inna ta riƙe sitiyari, ita kuma tana ta danna oda."

Ya yi 'yar dariya cikin hawaye. "Har masunta sunka taru."

"Ranar na ce a raina, ko me za a yi, wannan ne."

Wani daga cikin jirgi ya ƙwala kira, "Kai Ɗanladi, kifi zai sauke kansa ne?"

Yasira ta miƙe ta gyara mayafi. "Gobe zan zauna bakin rumfa in kalli hanya. Ko ba ka zo ba, zan kalla."

Ta tafi ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

Ranar kasuwa, tun da sassafe aka ɗinke buhuna aka jera. Bashiru ya iso da wuri, ya juya motarsa ya sa bayanta daidai bakin rumfa, ya buɗe ƙyauren baya. Daga can sama ana jin babbar mota tana oda.

Baba yana zaune a kan turmi, yana kallon inuwar rumfa tana janyewa. Yasira tana kallon hanya. Ba ƙara, ba tari, ba komai.

"Baba, rana ta ɗaga," in ji Bashiru.

Baba ya dafa gwiwa zai tashi.

"Malam," Inna ta ce, tana kare ido da hannu. "Mi ne ne wancan?"

Wani abu ruwan ɗorawa yana saukowa gangare, shiru, ba hayaƙi. Keken Ɗanladi ne. Ya ciro mataccen injin, ya cire kujerar baya. Ya ɗaura gora biyu dogaye a gaban keken, ya shiga tsakaninsu, ya zarga igiya a ƙirjinsa. Da ƙafa ya jawo shi tun daga Yelwa.

Ya ajiye gorar, ya durƙusa gaban Baba yana haki. "Baba, ina kwana. A gafarce ni, na makara."

Bashiru ya fashe da dariya. "Haba, jama'a! Wannan ai amalanke ne. Baba, sawu nawa zai yi da wannan? Wallahi mota za ta tahi ta bar ku."

Baba bai kula shi ba. Ya zaga keken, ya taɓa igiyar, ya taɓa gorar.

"Naka na?"

"Nawa ne, Baba."

"Gorar hwa?"

"Ni na saro ta."

Baba ya koma kan turminsa. Bai ce ɗauka ba, bai ce bari ba.

Ɗanladi ya fara lodi shi kaɗai. Ya sa abin da yake ganin zai iya, ya shiga tsakanin gorar, ya ja. Tayoyin suka nutse a yashi, suka fito. Ya ja. Igiyar ta shige cikin rigarsa. Kowa ya bi shi a baya ba tare da an yi shawara ba, har Bashiru, yana tafe yana girgiza kai.

A tsakiyar hawan ƙarfinsa ya ƙare. Ya tsaya don ya ja numfashi, sai keken ya fara komawa baya, yana jan sa. Takalminsa ɗaya ya fita. Ya durƙusa a gwiwa, yana turjewa, keken yana ci gaba da zamewa.

Yasira ta yi ƙara ta zabura. Inna ta cafke hannunta.

"Kul! In kin taɓa, kin kashe mishi duka."

"Inna, zai taka shi!"

"Na ce ki tsaya!"

Sai ga Baba ya wuce su da sauri, irin saurin da Yasira ba ta taɓa ganin ya yi ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani ƙaton dutse a gefen hanya, ya cusa shi a bayan taya.

Keken ya tsaya cak.

Ɗanladi yana durƙushe yana haki.

"Baba," Bashiru ya ce, "ai na ji an ce ɗan gida ba ya sa hannu."

"Ka ga hannuna bisa keke?" Baba ya karkaɗe tafinsa. "Dutse na gani kan hanya, na gyara mishi wuri."

Ɗanladi ya miƙe, gwiwarsa tana jini. Ya gyara igiya, ya ja. Da keken ya matsa gaba, Baba ya sake sunkuyawa ya ɗauki dutsen, ya rungume shi a ƙirji, ya bi bayansa. Duk inda Ɗanladi ya tsaya, dutsen yana bayan taya.

Babbar mota ta sake yin oda, doguwa.

"Baba, ka yi tunani," Bashiru ya ce, yanzu ba dariya a muryarsa. "Buhunan da sunka rage sun fi waɗannan yawa nesa. In motar ga ta tahi, asarar shekara ce."

Baba ya tsaya, dutse a hannu, gumi yana bin gemunsa. Ya waiwaya ya kalli rumfa da buhunan da ke jere a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Bashiru, Allah shi yi maka albarka, ka yi niyyar alheri. Ka rufe motarka. In ka hau sama ka ce wa direba in zai jira shi jira, in ba zai jira ba Allah shi kiyaye hanya."

Bashiru ya kalli Yasira, ita kuwa ko ganinsa ba ta yi. Ya juya ya gangara wurin motarsa.

Baba ya ajiye dutsen a bayan taya, ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Tabawa."

"Na'am, Malam."

"Kin tsaya kina kallo. Ki kawo wa surukinki ruwa, aiki na gabanshi."